Bayanin da aka rubuta wa na'ura, a aikinta ya kamata a auna shi

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da kamfanin OpenAI ya ba manhajojinsa na ƙirƙirarriyar basira damar kiran wasu manhajoji su yi musu aiki, wani sabon nau'in rubutu ya faɗo a wuyan injiniyoyi, wato ɗan taƙaitaccen bayanin da ke sanar da na'ura abin da kowane kayan aiki, wato manhajar da za ta kira, yake yi. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP (Model Context Protocol), wadda ta tsara yadda ake haɗa irin waɗannan manhajoji, da ake kira wakilai masu sarrafa kansu, da imel, da kalanda, da rumbun bayanai, kuma a 2025 OpenAI da Google suka karɓe ta. A wannan tsari, galibin abin da wakili yake gani bai wuce suna, da bayani cikin harshen mutane, da jerin abubuwan da zai shigar ba. Ba ya ganin cikin manhajar, ba shi kuma da hanyar tambayar wanda ya gina ta.

A ganina, kuskuren da aka fi yi wajen auna wannan bayani shi ne barin mutum ya karanta ya ce ya fahimta. Injiniyan da ya gina kayan aikin shi ne mafi rashin cancantar yanke wannan hukunci, domin duk giɓin da ke cikin rubutun yana cike shi da abin da ke kansa ba tare da ya lura ba. A ce an rubuta cewa kayan aiki "yana nemo bayanan abokin ciniki", kuma yana buƙatar "lamba". Wanda ya gina shi ya san lambar asusu ake nufi, amma wakili na iya saka lambar waya ko ta rasit. Ya kuma san sakamako hamsin na farko kaɗai ke dawowa, alhali wakilin da ba a faɗa wa haka ba zai ƙirga hamsin ɗin ya sanar da mai amfani cewa su ke nan. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin bayanin, amma amsar da ta fito ba daidai ba ce, kuma babu wata alamar kuskure da za ta bayyana.

Haka batun kwanan wata da ma'auni yake. Rubutun 03/04 na nufin 4 ga Maris a Amurka, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu ne, shi ya sa bayanin kirki yake ambaton tsarin ISO 8601, wato ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata, tare da misali. Wannan ba sabuwar matsala ba ce: a 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja ta fitar da alƙaluma da ma'aunin Amurka, ɗayar kuma ta ɗauke su a matsayin na mita, alhali ƙwararrun mutane ne a ɓangarorin biyu.

Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne abin da wakilin ya aikata. A ba shi ayyuka irin waɗanda mutane suke nema da gaske, da kalmominsu na yau da kullum, a duba ko ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da kuma sau nawa ya sake kira kafin ya kai ga amsa. Dole ne a maimaita kowane aiki sau da yawa, domin waɗannan manhajoji ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma a gwada da fiye da manhaja ɗaya. Abin da aka fi mantawa, wanda kuwa ya fi tona asirin bayani maras kyau, shi ne ayyukan da amsarsu ta gaskiya ita ce kada a taɓa kayan aikin, ko a koma a tambayi mai amfani. Idan akwai kayan aiki na gogewa da na adanawa gefe guda, aka ce wa wakili ya "kawar da" tsofaffin saƙonni, a nan ne za a gane ko bayanin ya shata iyaka tsakaninsu. Saƙon da ke fitowa idan an yi kuskure shi ma ɓangare ne na bayanin, domin wanda ya ce "an kasa" kawai bai koya wa wakili komai ba, saɓanin wanda ya faɗi gurbin da aka cike ba daidai ba.

Wasu za su ce tsawaita bayani yana da tsada, kuma suna da gaskiya, domin kowace kalma tana cin wuri a cikin iyakantaccen rubutun da manhajar ke iya riƙewa lokaci guda, musamman idan kayan aikin sun kai gommai. Sai dai maganin wannan sau da yawa shi ne rage yawan kayan aikin masu kama da juna, ba datse bayanin waɗanda suka rage ba. Masu cewa sababbin manhajoji za su riƙa gane manufa da kansu kuwa, ban yarda da su ba, domin kaifin basira ba ya samar da abin da ba a rubuta ba, sai dai hasashe.

Akwai kuma tambayar ko bayanin gaskiya yake faɗa. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron ƙirƙirarriyar basira Invariant Labs sun nuna yadda za a iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya bi shi ba tare da mai amfani ya gani ba. Ƙa'idar MCP kanta ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya lalata bayanai, amma ta gargaɗi cewa kada a dogara da su sai sun fito daga amintaccen tushe. Saboda haka gwajin bai cika ba sai an kwatanta abin da bayanin ya ce da abin da manhajar take yi a zahiri, kuma ayyukan da ba a iya warwarewa, kamar gogewa ko tura kuɗi, a gina su yadda sai mutum ya amince kafin su gudana.