Gwangwanin Kaka da sabon kicin ɗina

Wallahi duk abin nan laifin waya ne. Da ban zauna ina kallon kicin ɗin mutane a TikTok har ƙarfe ɗayan dare ba, da yanzu ina nan lafiya lau da kicin ɗina mai baƙin hayaƙi, asirina a rufe a unguwarmu Aboabo, nan Kumasi a Ghana.

Abin da nake kira kicin ɗin ma wani ɗan lungu ne a gidan haya, in ka buɗe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Amma na rantse sai na gyara shi kafin sunan jaririn ƙanwar maigida, tunda ni na buɗe baki na ce zan yi waakyen suna, ba wanda ya aike ni. Na hau pragya, keken hayar nan mai ƙafa uku, zuwa kasuwar Kejetia na sayo farin fenti galan ɗaya, robobi shida masu murfi iri ɗaya, labulen taga mai zanen lemo, da tayil guda takwas da magini ya jera min a inda nake ɗora risho. Baban yara ya kalli kayan ya ce "nawa?" na ce "araha." Ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

Ranar shara na zubar da tarkace kamar mai tashi daga gida. Asanka (kaskon niƙan kayan miya) da ya tsage, kolpot mai ƙafa biyu, murafe guda huɗu da tukwanensu suka daɗe da rasuwa, sai wani ɗan gwangwanin tumatir duk tsatsa, gefensa a lotse, rataye da zare a jikin ƙusa. Mma ce ta rataye shi nan tun ina amarya, ta ce "ki bar shi nan," ba ta ƙara komai ba. Ina jin yaron kondem, mai sayen tsofaffin ƙarafa, na ihu a layi na kira shi na juye masa duka a baro, har da yi masa godiya.

To ga inda gizo ke saƙar. Kakarmu ta yi shekaru tana sayar da waakye a bakin titi, har yau akwai tsofaffin direbobin trotro da in sun gan ni sai sun ce jikar mai waakye. Abincin ma namu ne tun asali, shinkafa da wake ne, sunan waken ne mutanen nan suka ja suka rubuta shi waakye. Kowa ya san kayan haɗi: shinkafa, farin wake, karan dafi da ke ba shi jan launi, da kanwa da ke sa wake ya nuna da wuri ta kuma fito da launin. Amma nawa za a sa, nan ne sirrin, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa rubutawa. Duk lokacin babban girki Mma ce ke zuwa ta yi, ni aikina yanka albasa da surutu. Wannan karon Mma tana Tamale wajen jinyar yayarta. Na kira ta na ce Mma kanwa nawa ake sa wa olonka uku (olonka mudunmu na awo ke nan), ta ce "cikin gwangwani ɗaya mana." Na ce wane gwangwani? Ta ce "wanda ke jikin ƙusa." Na kalli bango, fari fes, ko ƙusar ma na cire. Na ce Mma netwok ba kyau, na kashe.

Sai na lallaɓa Asawase wajen Kaka da ledar goro, na yi gaisuwa mai tsawo, na zagaya na zagaya sannan na ce Kaka in mutum ba shi da gwangwani fa, misali? Ta ce "kanwar sidi ɗari biyu." Na tafi kasuwa da ƙarfina na ce wa mai kanwa ta ba ni ta sidi ɗari biyu, matar ta ajiye abin da take yi ta ce "Hajiya, sabulu za ki dafa ko shanu gare ki?" Sai a nan ƙwaƙwalwata ta dawo. Kaka ba ta taɓa yarda da canjin kuɗin 2007 ba, lokacin da aka yanke sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi ɗaya. Har yau sidi ɗari in ka ba ta sai ta ce ka ba ta miliyan. Na yi lissafi a waya, ɗari biyunta pesuwa biyu ke nan, kuma ko ita wace shekara take nufi oho. Mai kanwa ta ce pesuwa biyu ko kallon kanwar ba zai saya min ba.

Ba yadda na iya, farautar yaron kondem na shiga. Kwana biyu ina tsayawa a bakin layi kamar mai jiran bashi. Da na kama shi ya ce kayan suna yadi, na bi shi cikin rana, ni da sabon mayafina ina tona tsakanin matattun fankoki da bayan firij. Da na ga gwangwanin na yi kuskuren yin kabbara da ƙarfi. Yaron ya kalle ni ya kalli gwangwani ya ce sidi ashirin. Abin da na ba shi kyauta har da godiya! Na ce ɗana ka ji tsoron Allah, ya ce "Mma, ke kika ce Allahu akbar." Na biya.

Da a nan na tsaya da an rabu lafiya. Amma na kawo shi gida na ajiye kusa da robobina shida, sai ya yi kamar almajiri a hoton biki. Na sa soson ƙarfe na goge tsatsar, na zura muciya ciki na bi da guduma a hankali har lotsawar nan ta miƙe tsaf, na shafa masa ragowar farin fenti ta waje, na rubuta KANWA da maka. Har hoto na ɗauka na sa a sitatus.

Ranar suna tun asuba na ɗora tukunya. Wake, karan dafi da na wanke, sai na cika gwangwani taf da dakakkiyar kanwa na juye da bismilla. Ruwan ya yi ja, na ji daɗi. Ya ƙara ja. Ya wuce ja ya koma kalar kofi, kumfa na tasowa, maƙwabciyata ta leƙo ta taga ta ce "wanki kike yi da sassafe?" Kafin shinkafa ta nuna waken ya narke ya ɓace, komai ya haɗe ya zama abu ɗaya mai santsi. Na lulluɓe shi da shito, baƙar miyar barkonon nan, da taliya da gari da ƙwai, na yi ta addu'a. Gwaggon maigida ta kai loma ɗaya ta daɗe tana juya ta a baki, sannan ta ce "amarya, waakye ne ko tubani?" Shekarata tara a gidan, ba ta ce min amarya sai in za ta yanka ni.

Wajen azahar aka kawo Kaka. Ba ta ma ci ba, sunsunawa kawai ta yi ta ce a kai ta kicin. Ta kalli labulen lemo, ta kalli robobi, ba ta ce uffan ba. Ta ce ina gwangwani. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya shi, ta shafa gefen da yatsa, ta ce "wa ya yi masa ɗori?"

Ashe lotsawar nan ita ta yi ta da hannunta. A 1983, shekarar yunwa, shekarar da aka koro mutane daga Najeriya suka cika gari, shinkafa ta yi wuya, ta rage tukunyarta daga olonka shida zuwa uku. Maimakon ta nemi wani ma'auni sai ta kwantar da gwangwanin ta maka masa taɓarya ya koma cin rabi. Shekara arba'in da ɗoriya yana lotse yana aikinsa, ni na zo na ba shi lafiya a minti goma.

Ta ce a miƙo mata tapoli, 'yar taɓaryar asanka. Na ce Kaka bari mu fita tsakar gida, ta ce ƙafarta na ciwo. Ta kwantar da gwangwanin a kan sabon tayil ɗina, ta auna da ido, ta ɗaga hannu. Tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa pragya! Ƙwas! Gwangwani ya lotse daidai inda yake da, tayil kuma ya tsage gida uku. Ta busa ƙurar fenti, ta miƙo min ta ce "samo ƙusa."