Raba buhun shinkafa a gaban kyamara ba shi ne karɓar baƙo ba

Tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ga ƙasashen waje, USAID, a 2025, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, ta yi gargaɗi a watan Yulin shekarar cewa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya na dab da rasa tallafi, magana ɗaya ake ta nanatawa: wai majami'u da masallatai su cike gurbin. Abin da ke ba ni haushi shi ne abin da masu faɗin haka ke nufi. Nufinsu a loda shinkafa da katan-katan na taliya a mota gab da Kirsimeti, a jera mata da 'ya'yansu a rana, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, kowa ya kama gabansa. Mai yin haka ya rage wa wani yunwar mako guda, amma bai sauki baƙo ba.

Duk mai son ganin yadda ake saukar baƙo ya dubi Yola. A 2014 Boko Haram ta kama Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen Oktoba, jama'a suka kwararo kudu da kayan jikinsu kawai. Bishop Stephen Dami Mamza na ɗarikar Katolika, wanda shi kansa ɗan Bazza ne a yankin Michika, ya buɗe harabar majami'ar St. Theresa da ke Jimeta, dubban mutane suka kwana a ciki, Kirista da Musulmi.

Buɗe ƙofa shi ne mafi sauƙi a aikin. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi ya ce kowane mutum na buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, da banɗaki ɗaya ga mutum 20, da murabba'in mita 3.5 na wurin kwana mai rufi. Ka yi lissafin mutum 1,000 kawai: lita 15,000 kullum, wato jarka 600 mai cin lita 25, da banɗaki 50. Wace majami'a ce aka gina da banɗaki 50? Yawancinsu an tanade su ne don ibadar 'yan sa'o'i ranar Lahadi. Idan ba a haƙa masai an raba na maza da na mata tun makon farko ba, yara za su yi bahaya a bayan azuzuwa, damina ta wanke shi zuwa wajen ɗibar ruwa, amai da gudawa su ɓarke. Idan babu fitila a hanyar banɗaki, mata za su daina fita da dare, kuma suna da dalili.

Abinci ma haka. Ka ba mace tsabar masara ba kuɗin niƙa, ba itace, ba gishiri ba mai, dole ta kai wani kaso kasuwa ta sayar da araha don ta dafa sauran. Sai mai bayarwa ya ga buhunsa a kasuwa ya ce an ci amana, alhali shi ne bai yi lissafi ba. Rajista kuwa gida-gida ake yin ta, da sunan matar da ke girki, a kira dattawan ƙauyen da suka gudo tare su tantance, in ba haka ba masu ƙarfin turereniya su karɓa sau uku, tsohuwa ta koma hannu rabbana. Sannan akwai waɗanda ba a ƙirgawa sam: mafi yawan 'yan gudun hijirar arewa maso gabas ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suke. Magidancin da ke ciyar da bakuna takwas ya wayi gari da ashirin, rumbunsa ya ƙare kafin kaka, kuma babu mai rubuta sunansa.

Ana cewa baƙo raɓa ne, to ɗan gudun hijira ba raɓa ba ne. Wasu iyalan sun yi kusan shekara bakwai a St. Theresa saboda garuruwansu ba su komu ba. Sai a Afrilun 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi da ke ƙaramar hukumar Girei, da tallafin ƙungiyar Missio ta Jamus, tare da makaranta da majami'a da masallaci. Manomi daga Madagali gona yake so da ɗaki mai ƙofa, ba layin karɓar awo har abada ba.

Masu cewa duk wannan tarko ne na farautar mabiya su bayyana mana dalilin da zai sa mafarauci ya gina wa abin farautarsa masallaci. Kiristocin da suka soki Bishop Mamza kan wannan masallaci, wai kuɗin coci ya tafi ga waɗanda ba nasu ba, su ma ba su da hujja: mutanen da suka gudu tare, suka sha wuya tare, ba za a raba su a bakin ƙofar sabon gida ba. Abin kunya ne a ce mai ibada ya tsaya tambayar addinin yaron da ke kuka da yunwa.

Majami'ar da ke son shiga wannan aiki ta fara ƙirga famfunanta da banɗakunanta kafin ta buga allon sanarwa. Ta nemo gidajen mambobinta da na maƙwabta da suka riga suka sauki mutane, ta tallafa musu da hatsi da kuɗin makarantar yara. Ta zauna da limamin unguwa da mai unguwa kan aron gona. Gwamnatocin jihohi kuma su daina fakewa da alherin masu ibada, domin filin zama da rijiyar burtsatse da tsaron hanyar komawa Madagali haƙƙi ne da ke wuyansu.