Ɗan Ƙurjin da Ke Jikin Fenti

Ranar da na sayi tsohuwar Volkswagen Beetle ƙirar 1968, fentinta sai ƙyalli yake yi, kuma aibin da idona ya gani bai wuce wani ɗan kumburi kamar ƙurji kusa da tayar baya ba. Na tabbatar wa uwargida cewa aikin yini ɗaya ne.

Masu gyaran jikin mota sukan gwada wuri da maganaɗisu, domin yana kama ƙarfe amma ba ya kama fila, wato ƙullun da ake cike rami ko lotsawar jikin mota da shi kafin fenti. Na ɗora nawa a kan ƙurjin, sai ya sulale ƙasa ba tare da ko sallama ba. Da na danna sukudireba, sai ta shige har mariƙinta. Abin da na tono kuwa ya isa a buɗe masa gidan tarihi: fila mai kaurin yatsa, da ragar waya, da wani gwangwani da wanda ya riga ni ya buga ya shimfiɗa, har yanzu ana iya karanta rubutun jikinsa.

Ka'ida ita ce a yanke tsatsa har sai an kai ga ƙarfe mai rai, don haka na yi ta yanka, ramin da ya fara kamar kwabo ya koma faɗin faranti. Sai walda. Ƙarfen jikin mota bai cika kaurin milimita ɗaya ba, shi ya sa ake ɗiga masa wuta ɗigo-ɗigo, ana barin sa ya huce. Ni da nake sauri na ja layi guda, ƙarfen ya lanƙwashe, kuma duk hudar da na toshe sai ta haifi biyu. Garin neman gira na soma rasa ido.

Ina cikin wannan hali uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, motarka tana hayaƙi ta ciki." Ashe na manta ban cire kujerar baya ba, tartsatsi ya kama ta.

Batirin wannan mota a ƙarƙashin kujerar baya yake zama, ruwansa kuma ya shekara yana cin daɓen da ke wurin. Na faɗa ciki da bokitin ruwa, ƙafata ta dama ta ratsa daɓen ta sauka a ƙasa, ruwan ya ƙare a jikina.

Uwargida ta dube ni tsaye a cikin mota, ƙafa ɗaya a waje, ta tambaya ko wannan ramin ma yana cikin aikin yini ɗayan.