Kwamfuta ba ta kashe wa Ke Jie kasuwa ba

Sau da yawa ina ganin ana rubuta wai tunda manhajar kwamfuta AlphaGo ta doke Ke Jie a wasan Go (wani wasa mai kama da dara da ake jera duwatsu farare da baƙaƙe a kan allo), shikenan ya ajiye wasa. Na gane daga inda zancen ya fito, don a garin Wuzhen a watan Mayun 2017 kwamfutar ta cinye shi wasa uku a jere, har hawaye ya yi a na ƙarshe, kuma lokacin shi ne na ɗaya a duniya.

Amma fa an haɗa mutum biyu ne. Wanda ya yi ritaya yana cewa ba a iya kayar da na'ura shi ne Lee Sedol ɗan Koriya ta Kudu, a 2019. Ke Jie ɗan China ne, kuma gasar da yake ci da ita tsakanin mutane ake yin ta, kwamfuta ba ta shiga. Bayan wancan kayen ma ya ɗauki kofin Samsung a 2018, ya sake ɗauka a 2020.

Abin da ya canja shi ne atisaye. Yanzu ƙwararre in ya gama wasa sai ya ɗora shi a kwamfuta ta nuna masa daidai dutsen da ya ajiye ba daidai ba.