Mai koyon aikin kwamfuta a banki ba ya riƙe da mabuɗin asusun kowa

Tun da ɗan ƙanwata ya fara koyon aiki a sashen kwamfuta na wani babban banki a Jidda, gidansu bai rabu da baƙi ba. Wata dattijuwa ta taso tun daga Shara Mansur a Makka, katin mada, wato katin cire kuɗi na bankunan Saudiyya, ƙulle a bakin mayafi, ta ce masa, "Ɗan nan, an rufe mini asusu, taimaka ka buɗe, tunda kai ne a kan na'urar." Ya ce, "Wallahi Hajiya, ba ni da iko." Ta tafi tana ganin rowar taimako ya yi mata. Abin ya dame ni, don yaron gaskiya ya faɗa.

Mai koyo ba ya ganin kuɗin kowa. Yininsa yana ƙarewa ne a kan kwamfutar ma'aikacin da ta ƙi tashi, da wanda ya manta kalmar sirri, da jan wayar intanet a ƙarƙashin tebur. In an ba shi manhaja ya gwada, da bayanan gwaji yake yi, ba na mutanen gaske ba. Kowane ma'aikaci iya ƙofar aikinsa ake buɗe masa, kuma duk abin da ya taɓa yana rubuce da sunansa da lokaci. Babban bankin Saudiyya, SAMA, ba ya wasa da sirrin masu ajiya. Leƙen asusun wani na iya raba mutum da aikinsa.

Ita Hajiya kuwa, iƙamarta, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ce ta ƙare, shi ya sa aka dakatar da asusun. Sai ta sabunta ta, ta kai wa reshen bankinta sabon bayani, sannan asusun ya buɗe.