Wa ya taɓa ce wa Baba mai walda sannu?

Jiya bayan isha'i ina zaune a ƙofar gida ina shan iska tunda babu wuta, sai wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana aikin jinya a Ingila, ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Wani tafki ne a garin da yake, ga ƙananan jiragen ruwa irin waɗanda ba su da inji, iska ce kawai ke tura wani ƙaton ƙyalle da aka ɗaure a jikin doguwar sanda jirgin ya tafi. A bakin ruwan akwai wata mata a keken guragu, da ka ganta ka san daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya aiki, sai wasu dattawa biyu masu furfura suka zo suka zura mata wani abu kamar majanyi ta ƙarƙashi, suka maƙala shi a jikin wani ƙarfe mai ɗaga mutum, a hankali a hankali suka ɗaga ta daga keken suka juyo da ita suka sauke ta cikin jirgin, ɗaya ya durƙusa ya gyara mata ƙafafu, ɗaya ya ja igiyar rigar kariyarta ya ji ta ɗauru, sannan suka tura jirgin. Shi kenan matar nan ta kama sandar tuƙi ta yi tsakiyar ruwa ita kaɗai tana ta dariya. Na kalli bidiyon nan ya fi sau biyar, kuma wallahi idona a kan tsofaffin nan biyu yake, yadda suka tsaya a bakin ruwa cikin sanyi suna bin jirgin da kallo har ya yi nisa.

Na tambaye shi nawa ake biyansu, ya ce ko sisi. Aikin sa-kai ne, yawancinsu ma tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, su zo da sassafe su fito da jirage daga rumfa su ɗaura ƙyallayen, wasu su shiga jirgi mai inji suna zagaye ko da wani zai samu matsala, wasu aikinsu shayi kawai, da yamma su wanke komai su mayar su tafi gida. Tsarin sunansa Sailability, yana ƙarƙashin ƙungiyar masu tuƙin jiragen ruwa ta ƙasar da ake kira RYA. Irin jirgin da matar ta shiga, Hansa, a Ostireliya aka ƙirƙiro shi, an saka masa nauyi a ƙasa ta yadda da wuya ya kife, mutum yana zaune ne a kujera kamar a mota yana tuƙi da 'yar sanda a gabansa. Abin da ya hana ni barci shi ne da ya ce min duk shekara ƙungiyar tana ware rana ta karrama masu aikin sa-kai, a kira sunan mutum a gaban jama'a, Gimbiya Anne ƙanwar Sarki Charles, wadda ita ce shugabar ƙungiyar, ta miƙa masa lambar yabo. Mai ɗaga gurgu fa, mai wanke jirgi.

Na san wani zai ce malam ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman abin sawa a bakin salati kai kana mana labarin Turawa da jirgin shaƙatawa. Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙasa, maganar ta gidanmu ce.

Ƙanena da ke bi na shan inna ta kama shi yana ɗan shekara biyu, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Mun taso shi yana rarrafe a tsakar gida, in mun fita ƙwallo bayan la'asar sai ya jawo jiki ya zo bakin zaure ya zauna yana kallonmu, Umma ta fito ta ce a mayar da shi ciki kar yara su taka shi. Babu wanda ya ƙi shi, kowa na tausayinsa, baƙo in ya zo sai ya damƙa masa kuɗi a hannu. Amma tausayin nan shi ya kusa kashe shi a zaune, dan duk cikinmu babu wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa yaron nan shi ma wasa yake so.

A bakin layinmu akwai wani mai walda, duk unguwa Baba muke ce masa, ba ɗan'uwanmu ba ne, ko garinmu ba ɗaya ba. Wata rana ya kira ni ya ce, kai ɗan nan, je ka ɗauko min ƙanenka. Na goyo shi na kawo. Baba ya sa tef ya auna faɗin zamansa, ya yanko katako mai kauri, ya nemo boris huɗu na tsohuwar mota ya haɗa musu ƙarfe ya ɗaure a ƙasa, ya lulluɓe saman da soso da ledar kujera, ya ba shi tsofaffin silifa biyu ya ce ya zura a hannu. Ina tsaye a wajen, yaron nan ya dafa ƙasa ya tura sau ɗaya, allon ya tafi da shi har bakin kwata, ya waiwayo ya kalle ni ya ce "Yaya ka gani?" Har gobe in na tuna muryarsa a ranar sai idona ya cika.

Kuma bai tsaya nan ba. Baba ne ya ji labarin ƙwallon guragu, wadda ake bugawa da hannu ana zaune a kan irin wannan allo, wasan da Alhaji Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, namu ne na gida ba daga waje aka kawo mana ba. Duk Asabar da safe sai Baba ya rufe shago, ranar da ya fi samun aiki fa, ya ɗora ƙanena a babur ya ɗaure allon a baya da roba ya kai shi wajen atisaye, ya zauna a rana har a tashi, wanda tayarsa ta cire ya gyara, wanda hannunsa ya goge ya wanke masa. Da aka hana goyo a babur a Kano a 2013 na ɗauka shi kenan abin ya mutu, sai ga shi yana tsayar da adaidaita sahu da kuɗin aljihunsa, lokacin ma yaran sun zama huɗu, shi zai ɗaga kowanne ya saka ya ɗaga ya sauke, zuwa da dawowa. Sama da shekara goma yana wannan. Ƙanena yanzu magidanci ne, yana gyaran waya, yana da 'ya ɗaya, kuma shi da bakinsa yake cewa da ba dan filin ƙwallon nan ba da bara zai yi, domin a can ya fara ganin guragu irinsa masu sana'a da mata da 'ya'ya.

To ga abin da ke ci min rai. Akwai shekarar da aka gayyaci yaran wani taro a wani otal a cikin garin nan, na rabon kekuna ne, ni ma na bi su. Ɗakin taron a bene yake, babu lifta, babu gangaren da keke zai hau. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ba ni na riƙe, ya dinga goya yaran nan ɗaya bayan ɗaya yana hawa da su, ni da wani muna kama masa, har ya jiƙe sharkaf da gumi. Da muka gama sai mai tsaron ƙofa ya ce masu kati ne kawai za su zauna a ciki. A waje Baba ya tsaya. Ni kuma ina ciki ina ji ana kiran sunaye ana miƙa lambobin yabo na gilashi, wane garkuwan naƙasassu, wane uban marayu, wasu ma ba su zo ba wakilai suka turo, aka yi hotuna aka tafa. Da aka tashi Baba ya dawo ya sake goya su ya sauko da su. A hanya ina ta huci, sai ya ce min, kai ɗan nan, ai ba dan su na yi ba.

Na yarda ba dan su ya yi ba, kuma na san abin da za a ce min ke nan, wai mai yi dan Allah ba ya buƙatar yabo, kar a jawo masa riya a ɓata masa lada. Ni a ganina an juya maganar ne. Shi aikinsa ne ya gyara niyyarsa, mu kuma aikinmu ne mu gode, ikhlasinsa bai ɗauke mana namu nauyin ba, kuma duk mun san hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Bahaushe ma cewa ya yi yaba kyauta tukuici. In tsoron riya ne ya hana mu kiran sunan mai walda, me ya sa bai hana mu buga fosta da hoton wanda ya raba keke ashirin ba? Ban raina kekunan ba, Allah ya saka wa wanda ya saya, amma keke a rana ɗaya ake bayarwa, wanda zai ɗaga mutum ya ɗora shi a kai kuma ya tura shi ya tsallaka kwata kullum ake nemansa.

Kuma karramawar nan ba dan shi kaɗai ba ce. Yaro ɗan sakandare da ya ga an kira mai waldan layinsu a gaban mai unguwa da liman an ce ga abin da ya yi, gobe shi ma zai iya ba da Asabar ɗinsa. Yanzu ko kalmar 'yan sa-kai in ka faɗa abin da ke zuwa ran mutane masu bindiga ne a daji, saboda halin da Arewa ta shiga, mai sa kansa ya kai makaho makaranta ko ya yi wa kurma tafinta a asibiti ba shi da suna ma a bakinmu. Ranar 3 ga Disamba ranar masu buƙata ta musamman ce ta duniya, muna ganin taruka, amma kwana biyu kacal bayanta, 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa-kai ce, wa ya taɓa jin an yi wani abu a unguwarsu?

Akwai wata Baturiya, Hilary Lister, daga wuyanta zuwa ƙasa ba ya motsi, a 2005 ta tuƙa jirgin iska ita kaɗai ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa cikin awa shida da 'yan mintoci, da baki take tuƙin, tana zuƙa tana hurawa a wasu siraran bututu irin na shan lemo da aka haɗa da na'ura. Ta rasu a 2018 kuma sunanta ya shiga tarihi, ta cancanta. Amma wani ne ya ɗaga ta ya saka a jirgin, wasu ne suka bi ta a baya a wani jirgin har ta isa. Haka namu 'yan wasan, a gasar Paralympics, wato Olympics ta naƙasassu, da aka yi a Rio a 2016 naƙasassun Najeriya sun ciyo lambobi 12, takwas daga ciki zinare, alhali masu lafiya tagulla ɗaya tal suka kawo a Olympics ta shekarar, a Paris a 2024 ma masu lafiya hannu rabbana suka dawo, naƙasassu suka kawo bakwai. Duk wanda ka gani a cikinsu ya hau dandamali akwai wani irin Baba a bayansa da ya fara kai shi fili lokacin da babu wanda ya san shi. Ita kanta tseren jiragen iskar tana cikin Paralympics daga 2000 zuwa 2016, aka cire ta saboda ƙasashen da ke yi ba su kai yawan da ake so ba, amma tsofaffin can ba su daina zuwa bakin tafki ba.

Ruwa kuma muna da shi a Kano, ga Tiga, ga Challawa, ga Bagauda, ga Watari. Sai dai ni ba zan ce gobe a kwashi guragu a zuba a kwale-kwale ba, duk wanda ya tuna hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamba 2021, inda jirgi ya kife a Watari da mutane, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, aka rasa rayuka aƙalla ashirin da tara, ya san masu ƙafafu ma ba mu gama kare su a ruwa ba. Sai an samu rigunan kariya da jirgin ceto da mutanen da aka horar tukuna. Amma ina so wata rana ƙanena ya ga tsakiyar Tiga da idonsa, kuma na san in ranar ta zo ba doka ce za ta ɗaga shi ta saka a jirgi ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce, je ka zaga gari ka ƙirga benayen da keke zai hau. Kafin a gyara, bayan mutane ne matakalar, kuma bayan nan yana gajiya.

Na Baba ya gaji. Yanzu ba ya iya sunkuyo sosai, yaransa ne ke riƙe da shagon, shi yana zaune a benci yana nuna musu. Da safen nan na je na samu mai unguwa da limamin masallacinmu na faɗa musu abin da ke raina, duka sun amince, ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za mu taru a ƙofar shagon, mu da iyayen sauran yaran ukun. Mun haɗa kuɗin shadda da hula da buhun shinkafa, za a buga takardar godiya da sunansa a saka a firam, liman zai yi addu'a. Ban faɗa masa ba dan na san zai ce a bari. Ƙanena ya ce shi zai miƙa masa takardar da hannunsa, kuma ya sa matarsa ta binciko tsohon allon nan a ɗakin shirgi, boris ɗaya ya cire amma katakon na nan, ya ce a kansa zai zo.