Kafin ka buga fosta, ka san Barbara Jordan

Ƙannena masu sha'awar siyasa, musamman ku da kuka fito daga makarantar lauyoyi, da ku nake. Tun da aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara a 2018, har ɗan shekara 25 ya samu damar neman kujerar majalisar wakilai, wani abu yake damuna. Yaro ya gama karatu bara, bana ga hotonsa a jikin kowace katanga, abokai sun riga sun liƙa masa honorabul. In ka tambaye shi wace doka yake so ya gyara, sai ya ce a bari ya shiga tukuna. Dokar kam alheri ce, na yi murna da ita. Gaggawar ce ke ba ni tsoro, shi ya sa nake so in ba ku labarin wata lauya baƙar fata 'yar Amurka.

An haifi Barbara Jordan a 1936 a Houston ta jihar Texas, a unguwar talakawan baƙaƙe, lokacin da doka ta raba makarantar baƙi da ta farare. Mahaifinta mai wa'azi ne a coci, kakanta na wajen uwa kuwa ɗan gwangwan ne, tana yarinya takan taya shi tsince tsumma da ƙarafa. Tana sakandare wata lauya mai suna Edith Sampson ta zo ta yi musu jawabi, daga ranar ta ƙudurta zama lauya. A jami'ar Texas Southern ta shahara a muhawara, kowa na yaba bakinta.

Sai ta tafi jami'ar Boston karatun lauya, nan ne ido ya raina fata. Ta tarar 'yan ajinta sun yi mata nisa, kuma iya magana ba ya tsallakar da mutum a gaban malamin da ke neman hujja. Ita da kanta ta faɗi haka daga baya, ba ta ɓoye ba. Ta duƙufa karatu dare da rana har ta gama a 1959. Wannan wurin nake so ku tsaya ku duba. Da yawanmu in aka nuna mana giɓin da ke iliminmu, fushi muke yi, mu ce hassada ce. Ita ta yarda tana baya, ta cike giɓin.

Da ta koma Houston ba ta da kuɗin kama ofis. A kan teburin cin abinci na gidan iyayenta ta fara karɓar masu ƙara. A yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1960, na John Kennedy da abokin takararsa Lyndon Johnson, ta shiga aikin sa kai, tun daga liƙe ambulan har aka gane bakinta aka fara tura ta jawabi. Ta tsaya takarar majalisar jiha a 1962, ta faɗi. Ta sake tsayawa a 1964, ta sake faɗi. Ba ta sauya jam'iyya ba, ba ta tara 'yan jagaliya ba, ta koma bakin aikinta. Matsalar a tsarin mazaɓu take: ana jefa ƙuri'a ne a faɗin gunduma baki ɗaya, ƙuri'un baƙaƙe su narke a cikin na farare. Da kotun ƙoli ta tilasta a sake shata mazaɓu daidai da yawan jama'a, sai ta ci kujerar majalisar dattawan Texas a 1966. Rabon da baƙar fata ya zauna a wannan zauren tun 1883.

Sanatoci 31 ne, ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce baƙa. Wani a matsayinta da ya shiga da hayaniya don jaridu su ɗauka. Ita littafin ƙa'idojin majalisa ta rungume, ta san lokacin da ake ta da batu da yadda ake ceto ƙudurin da ake so a binne a kwamiti. Dattawan da suka ƙi kallonta da farko suka dawo suna shawara da ita. Tana cikin waɗanda suka tsaya har Texas ta samu dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, abin da ya taɓa aljihun masu wanki da masu aikin gona.

A 1972 ta ci kujerar majalisar wakilai ta tarayya, ta shiga kwamitin shari'a bisa shawarar tsohon shugaba Lyndon Johnson. Ba a jima ba badaƙalar Watergate ta taso, wato kutsen da aka yi wa ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin fadar shugaban ƙasa na rufe maganar, kwamitin ya zauna duba ko za a tsige shugaba Richard Nixon. A ranar 25 ga Yuli 1974 aka ba ta 'yan mintuna, ƙasa duka na kallo a talabijin. Ba ta zagi Nixon ba. Ta ce lokacin da aka rubuta tsarin mulki a 1787 ba a lissafa irinta a cikin jama'a ba, amma gyare-gyare da hukuncin kotuna sun shigo da ita, don haka ba za ta zauna tana kallo a rusa shi ba. Sannan ta jero abin da magabatan ƙasar suka ce game da laifin da ya isa tsigewa, ta aza kowanne kusa da abin da shugaban ya aikata. Aikin lauya tsantsa. Makonni biyu bayan haka Nixon ya sauka. Ku faɗa mini tsakani da Allah, cikin masu neman majalisar jiha a yau, mutum nawa ne ya taɓa karanta sashe na 188 na tsarin mulkinmu na 1999, wanda ya shimfiɗa yadda ake tsige gwamna?

A 1975 ta yi tsayin daka aka faɗaɗa dokar kare 'yancin zaɓe ta haɗa da Texas da masu jin Sifaniyanci, waɗanda ba ma ƙabilarta ba ne. Kuma bayan zango uku kacal, tana da shekara 42, sunanta na tashe, ta bar majalisa a 1979 ta koma koyarwa a jami'ar Texas da ke Austin. Ciwon jijiyoyi ya zaunar da ita a keken guragu, ta ci gaba da shiga aji har ta rasu a Janairun 1996. Ƙannena mata, kar ku ce labarin ya fi ƙarfinku, 'yar unguwar talakawa ce kamar da yawanku.

Don haka kai da ka riga ka kai hotonka wurin mai buga fosta, ka dakata. Ka je kotun majistare ka tsaya wa talakan da aka tsare ba shi da lauya, ka yi shekara biyu ko uku kana jin abin da doka ke yi wa mutane. Ranar da majalisar jiharku ke zama, ka je ka zauna a wurin 'yan kallo, ka nemi kwafin ƙa'idojinta, ka karanta shi da biro a hannu.